Idan Babu Lambarka a Shago: Babban Takalmi Za Ka Ɗauka Ko Ƙarami?

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan takalma a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, musamman a goman ƙarshe na azumi, ya san yadda wannan ciniki yake gudana. Mutum ya hangi takalmin da ya kwanta masa a rai. Launi ya yi, ɗinki ya yi, an yi ta ja har an daidaita a kan kuɗi. Sai a zo kan lamba. Shi 42 yake sawa. Yaron shago ya shige ciki ya birkita kwalaye, ya fito riƙe da 41 a hannu ɗaya, 43 a ɗayan. "Alhaji, 42 tun jiya ya ƙare. Amma gwada wannan, sabunta ce ta sa ya kama ka, zai buɗe." In kuwa babban ne kaɗai ya rage, sai maganar ta juya: "Ai da ka sa safa shi ke nan, zai zauna daram."

Ba da gangan lambar take ƙarewa ba. Manyan dillalai a kwali suke sayo takalma daga China, Turkiyya ko Aba, kuma kowane kwali da jerin lambobinsa yake zuwa, na maza galibi daga 40 zuwa 45, na mata daga 36 ko 37 zuwa 41. Yawancin ƙafafun mutane a tsakiya suke, saboda haka lambobin tsakiya ne ke fara tafiya, na gefe su yi kwantai. Mai shago kuwa ba zai fasa sabon kwali ba alhali tsohon na nan da rabinsa. A wajen 'yan gwanjo abin ya fi haka tsanani, don kowane takalmi shi kaɗai ne irinsa a cikin tulin. In ya yi maka ya yi, in bai yi ba babu wansa babu ƙanensa.

To me mutum zai yi? Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Takalmin da ya gaza ƙafarka a tsayi ba shi da magani, kada ka saye shi ko da an yi maka rabin kuɗi. Wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya ana iya gyara masa zama, in dai irin wanda ake gyarawa ne. Wanda ya wuce haka kuma a bar wa mai shi kayansa. Amma kafin a kai ga wannan hukunci, akwai wata tambaya da ya kamata a fara yi: shin ka ma tabbata lambar da kake nema ita ce taka?

Lambar da ke jikin takalmi ba awon ƙafarka ba ce

Lambobin nan na 39, 42, 45 da aka saba da su a Najeriya da Nijar na tsarin Turai ne, wanda ya samo asali daga Faransa a ƙarni na 19. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai kashi biyu bisa uku na santimita, wato milimita 6.67. Ingila tana da nata lissafin, inda tazarar lamba ɗaya take kashi ɗaya bisa uku na inci, milimita 8.47, ma'aunin da asalinsa tsawon ƙwayar sha'ir ne. Saboda tazarar ta yi yawa, sai suka ƙara rabin lamba, shi ya sa ake ganin 8 da rabi ko 9 da rabi. Amurka ta ɗauki wannan tazara amma ta fara ƙirga daga wani wuri dabam, sannan ta raba lambar maza da ta mata. Japan kuwa tsayin ƙafar kawai take rubutawa da santimita.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne China, tunda daga can mafi yawan takalman kasuwanninmu suke fitowa. Suna da sabon tsari mai nuna tsayin ƙafa da milimita, irin su 250 ko 265 da ake gani an buga a ƙasan takalmi ko jikin kwali. Suna kuma da tsohuwar lamba mai kama da ta Turai a ido, amma lissafinta dabam: a ninka tsayin ƙafa da santimita sau biyu, a cire goma. Ƙafa mai santimita 25 ita ce 40, mai 26 ita ce 42, mai 27 ita ce 44. Kowace lamba milimita 5 ce kawai. Ita wannan ƙafa mai santimita 27, a tsarin Turai tsakanin 42 da 43 take faɗawa. Saboda haka mutumin da ya saba da 43 na Italiya, in ya ɗauki 43 da aka buga da tsohon lissafin China, zai ji ya matse shi, kuma gwargwadon girman ƙafa gwargwadon yadda bambancin yake ƙaruwa. Ba duk takalmin China ne ke bin wannan tsohon lissafi ba, da yawa na Turai suke bi, kuma babu abin da ke jikin takalmin da zai gaya maka wanne aka bi sai in an rubuta milimita a gefe.

Akwai kuma wani abin. Kowane kamfani yana da ƙafar katako ko ta roba da yake gina takalminsa a kanta, kuma lambar Turai tsawon wannan ƙafar ginin take nunawa, ba tsawon ƙafar mai sawa ba. Wani kamfanin tasa siririya ce mai dogon baki, wani tasa mai faɗi ce. Hatta manyan kamfanoni ba su daidaita ba. Takalmin maza mai lamba 9 ta Amurka, a wajen Nike 8 ne na Ingila, a wajen Adidas kuwa 8 da rabi. Abin da suka haɗu a kai shi ne santimita 27 da kowannensu ya rubuta a takardar da ke manne a harshen takalmin. Wannan lamba ta santimita ita ta fi kowace amana, ita ya kamata mutum ya haddace.

Ma'anar duk wannan ita ce, ranar da aka ce maka babu 42, mai yiwuwa ne 43 ɗin da ke hannun yaron shago shi ne daidai da ƙafarka a wannan samfurin. Kada lamba ta hana ka gwadawa, kada kuma ta sa ka saya ba gwaji.

Tun a shekarun 1920 wani Ba'amurke mai suna Charles Brannock, ɗan mai shagon takalma a garin Syracuse, ya ƙera wani ma'aunin ƙarfe da har yau ake amfani da shi a shagunan ƙasashen waje. Abu uku yake aunawa: tsayi daga dunduniya zuwa ƙarshen yatsa, tsayi daga dunduniya zuwa gaɓar gindin babban yatsa, da kuma faɗi. Da wuya ka ga wannan ma'auni a kasuwanninmu. Amma ko a inda yake, matsalar ba ta kau ba. A 2018 wasu masana biyu a Ostareliya, Andrew Buldt da Hylton Menz, sun tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, suka gano cewa tsakanin kashi 63 zuwa 72 cikin ɗari na mutanen da aka auna suna sanye da takalmin da bai dace da tsayi ko faɗin ƙafarsu ba.

Faɗin nan shi ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma mu ya fi damu. Wanda ya tashi yana yawo da silifas ko fade, ko ma ba takalmi, yatsunsa sukan baje, gaban ƙafarsa ya yi faɗi fiye da na wanda aka rufe wa ƙafa tun yana rarrafe. Sai ga shi an kawo masa sau-ciki mai tsinin baki da aka gina a kan siririyar ƙafa. Tsayi ya isa amma gefe yana cizo, sai ya yi ta hawa lamba, daga 42 har 44, yana neman faɗi. Ya samu faɗin, amma ya sayi tsayin da ba ya bukata. Irin wannan mutum ba wata lamba yake bukata ba, wani samfurin yake bukata mai faɗin baki.

Abin da ke buɗewa da abin da ba ya buɗewa

Maganar "zai buɗe" tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take cin mutane. Fata ta gaske tana sakewa in ta sha ɗumin ƙafa da gumi, ta ɗauki siffar mai ita. Fata mai laushi marar sheƙi ta fi saurin sakewa, mai ƙyalli kamar an shafa mata mai kuwa da ƙyar take motsi. Amma duk sakewar nan a faɗi take faruwa, kuma kaɗan ce. Tsayi ba ya ƙaruwa, domin abin da ya tsayar da shi ba fata ba ce: ƙasan takalmin ne da aka yanka aka manne, da tauraron abin da ake sawa a bayan dunduniya, da wanda ake sawa a baki don kada ya lotse. In babban yatsanka yana taɓa bango yau, zai taɓa shi baɗi.

Sannan yawancin takalman da ake sayarwa da sunan fata a yau ba fata ba ce, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi aka yi mata zanen fata. Wannan ba ta buɗewa ko ta wace fuska. In an matsa mata sai ta tsage a inda ƙafa ke lanƙwasawa, ko ta fara ɓarewa. Gane ta ba wuya: duba bakin yanka ko ka leƙa cikin takalmin inda babu shafi. Bayan fata ta gaske yana da gashi-gashi, bayan ta roba kuwa saƙar yadi za ka gani. Hanci ma yana taimakawa, don warin jima dabam yake da warin roba.

Idan fatar ta gaske ce, tsayi ya wadatar, gefe ne kawai ya ɗan kama, to a nan maganar mai shago ta yi daidai. Mai gyaran takalmi zai iya cusa masa katako ya kwana biyu ya sake, ko mutum ya riƙa sa shi na ɗan lokaci a gida har ya saba. Amma kamu dabam, zafi dabam. Takalmin da ya sa ka ɗingishi a cikin shago ba zai zama abokin tafiya ba.

Abin da ƙaramin takalmi ke jawowa sananne ne ga duk wanda ya taɓa cin Sallah da shi: bororo a dunduniya, kanta a kan ƙananan yatsu, farce ya yi baƙi ya faɗi, ko ya nutse cikin nama ya yi ruwa. In aka daɗe a haka, yatsu sukan lanƙwashe, kuma wanda ke da ƙullutun nan na gindin babban yatsa, matsi yana ƙara masa ciwo. Da yawa daga cikin masu take bayan takalminsu su mayar da shi kamar silifas, ba gayu ba ne, neman sauƙi ne daga takalmin da tun farko bai isa ba.

Babba ma yana da nasa sharrin

Kada a ɗauka tunda ƙarami ba shi da magani, to kowane babba lafiya ne. Kowane takalmi yana da wurin da aka tsara zai lanƙwasa, daidai inda ƙafa ta fi faɗi, wato layin gindin yatsu. In takalmi ya yi tsawo da yawa, wannan wuri sai ya wuce gaba, ƙafa tana lanƙwasawa a wani wuri, takalmi a wani. Dunduniya ta riƙa fita tana komawa, gogayya ta kawo bororo. Yatsu kuma su riƙa ƙanƙamewa don riƙe takalmin, mutum ya yini yana jin gajiyar da bai san dalilinta ba. Ga tuntuɓe, wanda ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne, tunda faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugu. Direba da ɗan acaɓa ma su kula, takalmin da ke zamewa a kan birki haɗari ne.

Dabarar da aka fi yi, ta cusa auduga ko takarda a baki, ita ce mafi rauni. Tana cike gurbi amma ba ta mayar da wurin lanƙwasa inda ya dace, kuma in ta dunƙule sai ta dawo tana danne farce. Abin da ya fi shi ne ƙarin shimfiɗar ciki, wadda ake samu a wajen masu gyaran takalmi ko su yanka maka daga fata ko soso. Tana ɗaga ƙafa ta rage sararin sama, takalmin ya kama. Akwai kuma ɗan matashin da ake mannawa a bayan dunduniya don hana ta fita. Safa mai kauri tana aiki a lokacin hunturu, amma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ba shawara ba ce. Ƙafar da aka yi wa alwala aka cusa cikin safa mai kauri ba ta bushe ba, ita ce ke yin ruɓewar tsakanin yatsu.

Duk waɗannan dabaru lamba ɗaya ta Turai suke iya cikewa, wato ƙasa da milimita 7. Lamba biyu ta haura santimita ɗaya, kuma babu shimfiɗar da za ta ɓoye wannan.

Irin takalmin ma yana da ta cewa. Mai igiya, kamar kambas da but, shi ya fi karɓar ƙarin lamba, domin igiya tana riƙe ƙafa daga sama ko da akwai sarari a gaba. Takalmin gudu da na doguwar tafiya dama an fi so a ɗan ƙara, tunda ƙafa tana kumbura in ta sha tafiya. Sandal mai maɗauri ana iya huda masa ƙarin rami. Amma sau-ciki marar igiya, wanda mazanmu suka fi so saboda sauƙin cirewa a ƙofar masallaci da zaure, ba abin da ke riƙe shi sai kamun da ya yi wa ƙafa. In ya yi yawa tun yana sabo, bayan wata biyu sai ya riƙa faɗuwa. A irinsa, in fata ce ta gaske kuma yatsu ba su taɓa gaba ba, wanda ya ɗan kama ya fi wanda ya yi sako-sako. Takalmin mata mai tsini kuma ya fi kowanne rashin haƙuri: in ya yi yawa ƙafa ta zame gaba yatsu su cushe, in ya yi kaɗan nauyin jiki duka ya sauka a kan yatsun da ba su da wurin motsi. Shi kam in babu lambarsa, a haƙura kawai. Fade da silifas kuwa ido ma yana yanke hukunci: dunduniya kada ta leƙo baya, yatsu kada su leƙo gaba.

Yadda ake gwaji na gaskiya

Da yamma ake gwada takalmi, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yinin tsayuwa da tafiya. Wanda ya yi daidai da sassafe yana iya matsewa bayan La'asar. A tsaye ake gwadawa, don ƙafa tana bajewa in nauyi ya hau ta. A sa duka biyun, tunda mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma babbar ake yi wa sayayya. A sa irin safar da za a riƙa sawa da shi, ba ledar da yaron shago ke miƙowa don ƙafa ta zame ciki da sauƙi ba.

Tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A lura, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu na biyun ne. In shimfiɗar cikin takalmin tana fita, a zaro ta a ajiye a ƙasa a taka: nan take za a ga sararin da ya rage a gaba, a kuma ga ko ƙafar ta zubo ta gefe. Daga nan a yi tafiya, ba taku biyu a kan kwali ba, a je ƙarshen layi a dawo. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba.

Tsinken awo da takalmin Sallar yara

Al'adarmu ce uba ya karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar kowane yaro, ya zuba a aljihu ya tafi kasuwa. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi dogaro da lamba nesa ba kusa ba. Inda take samun tangarɗa wuri uku ne. Sau da yawa yaron yana zaune ko yana barci ake aunawa, alhali a tsaye ƙafa ta fi tsawo. Sannan a kasuwa akan ɗora tsinken a ƙasan takalmi ta waje, inda ya fi cikin tsawo. Na uku, tsinke ba ya nuna faɗi. Gyaran mai sauƙi ne: a tsayar da yaro a kan kwali, a zagaye ƙafarsa da biro, a ƙara kamar milimita 12 a gaban yatsu, a yanke. Wannan kwali shi za a zura cikin takalmin. In ya shiga ya kwanta ba tare da ya naɗe ba, takalmin ya yi.

Kada a dogara da amsar yaro. Yaron da ya ga takalmi mai fitila zai ce ya yi masa ko da yatsunsa a dunƙule suke, don tsoron kada a fasa saya. Ƙasusuwan ƙafar ƙaramin yaro kuma ba su gama ƙwari ba, suna bin siffar abin da aka cusa su ciki ba tare da ya ji zafi sosai ba. Saboda haka ga yara, in babu lambar, sama ake hawa, ba a sauka ko kaɗan.

Na san dalilin da ke sa iyaye su hau lamba biyu ko uku, su ce ya girma da shi. Halin rayuwa ne, mai 'ya'ya shida ba zai iya sayen takalmi duk wata shida ba, kuma ba wanda zai zarge shi. Amma a duba lissafin da kyau. Takalmin da ya yi wa yaro yawa ja yake yi a ƙasa, bakinsa ya cinye, bayansa ya karye, sau da yawa ya mutu kafin ƙafar ta cika shi. Ga faɗuwa a filin makaranta. In dole ne a ƙara, a zaɓi mai igiya ko mai maɗauri, a tsaya a lamba ɗaya.

Waɗanda ba su da damar yin kuskure

Ga mai ciwon suga, wannan magana ta wuce ta jin daɗi. Ciwon in ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ya kuma rage gudun jini. Mutum sai takalmi ya goge masa fata bai ji ba, ƙaramin bororo ya zama gyambo, gyambo ya ƙi warkewa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa takalmin da bai dace ba yana cikin manyan abubuwan da ke fara wannan rauni, wanda wani lokaci yake ƙarewa da yanke yatsa ko ƙafa. Ƙa'idar da ƙwararrun duniya a kan ƙafar masu ciwon suga suka bayar ita ce cikin takalmi ya fi ƙafa tsawo da santimita 1 zuwa 2, faɗinsa ya ɗauki ƙafar ba matsi, kuma a gwada a tsaye, an fi so da yamma. Mai wannan lalura kada ya yarda da "ban ji ya matse ni ba", domin jin ne ya tafi. Ya yi amfani da awon kwali, ya laluba cikin takalmi da hannu kafin ya sa, ya kuma duba ƙafarsa kowane dare. Ina roƙon 'ya'yan da ke saya wa iyayensu tsofaffi takalmi daga nesa su riƙe wannan da muhimmanci.

Maniyyata ma haka. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa, sau bakwai, ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina zuwa wajen jifa. Takalmin da aka saya ana gobe tashi, ba a taɓa taka shi ba, kuma ba lambar mutum ba, yana iya hana shi sakewa a kwanakin da ya fi bukatar ƙafarsa. A saya da wuri, a yi makonni ana tafiya da shi a gida.

Lefe, saƙo da sayayya ta waya

Akwai sayayyar da mai ƙafar ba ya wurin. A haɗa lefe, dangin ango su aika a tambayo lambar amarya, a ce 39, a je a jero takalma kala-kala daga kamfanoni dabam-dabam, duk 39. Ranar da aka buɗe akwati, wasu su yi, wasu su zama rabon ƙanne. Hanyar kauce wa wannan asara ita ce a karɓo zanen ƙafarta a kwali, ko takalmi ɗaya da take jin daɗinsa a tafi da shi. Mata su kuma sani cewa lambar 'yanmatanci ba lallai ta dawwama ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka, aka wallafa a 2013, ya nuna ciki, musamman na fari, yakan sa ƙafa ta ƙara tsawo kuma ba ta komawa yadda take. Ƙiba da shekaru ma suna baje ƙafa, ga maza da mata.

Masu saye ta WhatsApp da Instagram kuwa, kada su tsaya a "wace lamba kike sawa, Hajiya?" A auna ƙafa da tef ɗin tela, daga bango zuwa ƙarshen yatsa mafi tsawo, a tsaye. A ce wa mai sayarwa ya auna shimfiɗar cikin takalmin ya turo hoton tef ɗin a kanta. Ya kamata ta fi ƙafar da kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi in rufaffen takalmi ne. Kuma kafin a tura kuɗi a yi magana a fili a kan canji: in bai yi ba za a karɓa? Cikin kwana nawa? Wa zai biya kuɗin mota? Yawancin rigimar da ke biyo bayan irin wannan ciniki daga rashin wannan sharaɗi take tasowa.

Hanyar da muke mantawa da ita

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai yini yana zagaya kasuwa neman 46 ko 47, ko mace mai faffaɗar ƙafa ta haƙura da abin da ke cizonta, alhali muna zaune a ƙasar dukawa. Kano, Sakkwato, Zariya, Damagaram da Agadas duk an san su da aikin fata tun kaka da kakanni, kuma kusa da kasuwar Ƙofar Wambai ɗin nan da ake neman lamba a rasa, majema suna nan suna jima. A yau akwai matasa da yawa a garuruwanmu da ke ɗinka fade, sandal da sau-ciki a kan awo. Za su zana ƙafarka biyu a kwali, su auna faɗi da tudun ƙafa, in ɗaya ta fi ɗaya su yi wa kowace nata. Ga mai babbar ƙafa, da mai faɗin ƙafa, da wanda ƙafarsa ta sami nakasa, wannan ya fi kowace dabara ta shimfiɗa da safa. Sai dai a ba da aikin da wuri, don su ma kamar teloli, layi yake yi musu yawa gab da Sallah, kuma a gwada kafin a cika kuɗi.

Ga 'yan'uwa masu shagunan takalma, roƙona ƙarami ne: ku ajiye tef ɗin awo da benci a shago, ku bar mai saye ya taka ya ji, ku kuma faɗa masa gaskiya in takalmin roba ne ba zai buɗe ba. In tsoho ne, ko yaro, ko mai ciwon suga aka zo saya wa, kuma babu lambar da ta yi, ku ce babu, ku nuna masa shagon da zai samu.